Ranar da Na Shigar da Baba Coci

Ni dai tun ina ƙarama an san ni da zafin kai. Inna takan ce ko ruwan randa na sha sai ya tafasa a cikina, ni kuwa ban taɓa musa mata ba. Ga shi yau furfura ta fara leƙo mini, ina koyar da 'ya'yan mutane a Kudan, amma har gobe in na ga abu ya karkace hannuna ƙaiƙayi yake yi sai na miƙe shi. Wannan halin ne ya sa na yi wa Babana abin da na yi masa.

Ƙauyenmu yana can wajen Gubuchi, cikin fadamun rake. Mu Maguzawa ne. Inna ta ba da gaskiya ina 'yar shekara biyar ko shida, aka yi mata baftisma a rafi, mu 'ya'yanta duka muka taso a coci. Baba bai bi ba, bai kuma hana kowa ba. Yana da tulunsa na tsafi a bayan rumbu, wanda ya gada wurin mahaifinsa, in damina ta kawo kai ya yanka masa zakara. Amma da za a yi wa cocinmu rufi, giginyarsa biyu ya bayar aka tsaga azara. Shi da kansa ya taya ɗauka, ya sauke a bakin ƙofa, ya karkaɗe hannu, ya koma gona. Ƙafarsa ba ta tsallake dokin ƙofar ba.

Ga yadda Lahadin gidanmu take. Ran Asabar Inna ta wanke farar rigarsa, ta ninke, ran Lahadi da safe ta kife turmi a ƙofar ɗakinsa ta ɗora rigar a kai. Ba ta cewa uffan. Mu shirya mu tafi sujada. Sai an shiga waƙa ta biyu, in ka saci kallo ta tagar gabas, za ka gan shi ya iso, sanye da rigar, ya zauna a kan saiwar wata tsohuwar ɗorawa da ba ta fi taku goma daga tagar ba. Kullum da rama a hannunsa yana tufka igiya, wai don kada a ce zuwa ya yi. Kafin a yi addu'ar sallama ya tashi. Mu isa gida mu tarar ya tuɓe rigar yana zuba wa tumaki harawa, kamar tun safe yana nan. Ba wanda ya taɓa ce masa mun gan ka. Haka aka yi ta yi shekara ashirin da wani abu.

Ni ce 'yar fari, saboda haka akwai kunya tsakanina da shi. Bai taɓa kiran sunana ba. Ina yarinya "ke" nake, ko "waccan". Da na gama karatu na fara koyarwa sai ya samu mafita, ya koma ce mini Malama. Ba ma haɗa ido, ba na zama kusa da tabarmarsa, tun da na yi wayo hannuna bai taɓa taɓa nasa ba. Amma in ana dafa mazarƙwaila, ta farko da ta daskare sai ya ɗauke ya ba Inna ya ce, "A ajiye wa waccan." Ko ina makaranta, ko bayan na yi aure a Kudan, sai an aiko mini da ita a naɗe cikin takardar siminti.

Ina son mutumin nan, so mai ciwo. Abin da ke cina kuwa guda ɗaya ne. In muna rera waƙar gidan da ba a mutuwa, ni ce ke ba da waƙa a zumuntar matan coci in ina gida, bakina na waƙa idona na taga. Sai in ga an tara mu gaban Ubangiji, ga Inna, ga ƙannena, a duba a ce ina mai gidan, a rasa. Wace irin murna zan yi a can in babu shi? Shekarar da baffana ya rasu, ƙanin Baba, aka binne shi irin na da, aka sha giya kwana uku, abin ya tsaya mini a rai. Na dubi Baba a wurin makokin na ga ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na ce wannan mutumin ma fa tafiya zai yi.

Na zo gida cikin damina na tarar da Inna tana wanke rigar. Haushi ya kama ni. Na ce, "Haba Inna! Shekara nawa kina wanke riga? Sabulu ne zai kai shi sama? Ki buɗe baki ki yi masa magana mana!"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na yi masa magana."

"Yaushe?"

"Shekarar da aka yi mini baftisma. Na faɗa masa duk abin da na sani. Ya ce ya ji. Mutumin da ya ce ya ji, me zan ƙara masa?"

Na ce abin da za ta ƙara yana da yawa, na fara lissafo mata. Ta bar ni na gama zuba, sa'an nan ta nuna mini akuyoyinmu da haɓa. Lokacin shuka ta fito, mai unguwa ya sa an yi shela a ɗaure dabbobi, duk suna turke. Ta ce, "Kin ga waɗancan? Tun da aka yi shuka ba su ci dawar kowa ba. Kirki ne da su? Igiya ce. Da haka Allah yake son mutum, ai da tun farko ya kafa mana turke. Bai kafa ba. So yake ka zo da ƙafarka, ka ce ga ni. Babanku yana zuwa da ƙafarsa har gindin ɗorawa. Ki bar shi."

Na miƙe na bar mata wankinta. A raina kuwa cewa na yi, wa'azi dai kowa ya iya, ni zan nuna muku yadda ake aiki.

Akwai abin da muke yi in kaka ta yi, godiyar kaka. Ranar ana kiran gida-gida. In an kira gidanku, ku taru a bakin ƙofa da abin da gona ta ba ku, damin dawa, ƙwaryar gyaɗa, rake, kaza, mai gida a gaba, a buga muku tulun kiɗa da ganga ku taka rawa har gaban bagade ku ajiye. Coci yakan cika ya batse, har maƙwabtanmu Musulmi sukan tsaya daga waje su sha kallo, a ba su rake. Gidanmu kullum Inna ke gaba, ko ƙanena mai bi mini. Kowace shekara in na ga magidanta suna jan iyalansu, mu kuwa namu yana waje yana tufka igiya, sai in ji kamar in kurma ihu.

Shekarar nan na zo tun ran Juma'a. Na ja matan zumunta gefe, ƙawayena da muka taso tare, na ce in an kira gidanmu ba a bakin ƙofa za mu tsaya ba. Waje za mu fita da kiɗa, mu kewaye ɗorawa, mu taho da Baba. Wata ta ce, "In ya ƙi fa?" Na ce ba zai ƙi ba. Na san abin da na taka. Dattijo irin Baba ba zai tsaya yana ja-in-ja da mata a gaban jama'a ba, balle da 'yarsa ta fari. Kunya ba za ta bar shi ba. Da kunyarsa na yi niyyar ɗaure shi, kuma na san haka sarai, ba zan ce ban sani ba. Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa Fasto ba.

Aka kira gidanmu. Muka ɓarke da waƙa, muka yi waje, mata kusan ashirin da zane iri ɗaya, ana guɗa. Baba ya ɗago ya ga mun nufo shi. Ya waiwaya baya, wai ko akwai wani da ake nufa, ya ga ba kowa sai shi. Ya yunƙura zai tashi ya tafi, amma mun riga mun kewaye shi. Ni kuwa, don ƙarfin hali, na sa hannu na kama wuyan hannunsa.

Bai dube ni ba. Hannuna ya duba, ya daɗe yana dubansa. Igiyar da yake tufkawa ta zame daga cinyarsa ta faɗi ƙasa. Sa'an nan ya miƙe, ya biyo ni. A bakin ƙofa ya tsaya ya tuɓe takalmansa, yadda yakan yi in zai shiga zauren wani babba, ya tsallake dokin ƙofar. Coci ya ɗauki sowa, masu haleluya na yi, masu guɗa na yi, wani dattijo ya tashi ya ba shi wurinsa a bencin gaba. Ni hawaye kawai nake yi, ina ji a raina yau na yi wa Allah aiki. Na juya in nemi idon Inna don ta ga abin da sabulu ya kasa. Na gan ta tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar gyaɗa a kai, ba ta rawa.

Baba ya zauna har aka tashi, kansa a sunkuye. Da aka sallama bai bi ƙofar da muka shigo ba, don jama'a sun cika ta suna jiran su gaishe shi. Ta ƙaramar ƙofar gefe ya fita, ya tafi gida ba takalmi. Ni na ɗauko su na bi shi. Na same shi a ƙofar ɗakinsa ya tuɓe rigar, na durƙusa na ce, "Baba, ga takalmanku."

Ya ce, "An gode, Malama. Yau dai kin kai ni."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni da wautata har na ɗauka yabo ne.

Lahadi ta zagayo, Inna ta ɗora riga a kan turmi. Aka yi waƙa ta biyu, ta uku, aka yi wa'azi, gindin ɗorawa ba kowa. Da suka koma gida rigar tana nan yadda aka ninke ta. Lahadi ta gaba ma haka. Ina Kudan aka aiko mini, na ce fushi ne, zai huce kafin Kirsimeti. Kirsimeti ta zo ta wuce, wata kakar ta zo ta wuce, Baba bai ƙara taka hanyar coci ba.

Fastonmu na lokacin tsoho ne, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a cikinmu har ya fi wasunmu sanin gonakin ƙauyen. Ya kira ni ya ce, "'Yata, wa ya aike ki?" Na ce ba wanda ya aike ni, ceton ubana nake nema, in gida ya kama da wuta ai ba a tsayawa sallama. Bai yi fushi ba. Ya ce, "To kin shigo da shi. Me kika shigo da shi? Ƙafafunsa ne suka shigo. Almasihu da kansa, da ya zo duniya, wa ya kama da kokawa? Kira yake yi. Wanda ya juya baya yana gani zai bar shi ya tafi, ko da abin na yi masa ciwo fiye da yadda yake yi miki. Rai madawwami kyauta ce, kyauta kuwa miƙa hannu ake yi a karɓa." Na fito ina gunaguni, amma maganar ta bi ni har Kudan.

Neman gafara wurin uban da kake kunya ba ƙaramin aiki ba ne. Na fara aika gwaggona, ƙanwarsa. Ta dawo ta ce ya ce ba komai. Ni kuwa na san irin wannan ba komai ɗin. A shekara ta biyu na cire kunya na same shi a fadama inda ake matsar rake, yana tsaye kan kasko yana juya ruwan da ake dafawa. Na durƙusa daga nesa na ce, "Baba, na yi muku laifi. Ku yafe mini."

Ya ci gaba da juyi. Can ya ce, "Na yafe tun ranar. Tashi, zanenki zai ɓaci."

Na ce, "To ku koma mana. Wallahi ba wanda zai ƙara matso ku, ni ce zan tsaya."

Ya ce, "Malama, da ina zuwa don ina so. Yanzu in na je na zauna, mai cewa jira nake a sake jawo ni zai faɗa, mai cewa tsoron 'yata nake ji zai faɗa. Ni kaina sai in rasa wanne ne ya kawo ni." Ya kwashe kumfa ya zubar. "Ban gama ji ba ne. Akwai abin da nake aunawa. Tulun can na ubana ne, shi ma na ubansa ne. Mutum ba ya ajiye ubansa don an buga masa ganga."

Tun da aka haife ni bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Na tafi gida ina kuka a hanya kamar yarinya, mata masu tallar rake suna kallona. Da yamma ga mazarƙwailata an kawo, ta farko, kamar kullum.

Inna ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Da ta faɗa ma da na fi jin sauƙi. Kowace Asabar sai ta ɗauki rigar da ba a sa ba ta sake wankewa, har wuyan ya fara sulɓewa ta sa allura ta kama. Ni kuwa in na zo gida na daina zama kusa da tagar gabas, don ba na iya kallon saiwar nan babu kowa. Bakina da ba ya rufuwa ya koyi rufuwa. Addu'a kawai nake yi, ita ma ta canza. Na daina ce wa Allah ya jawo shi, na koma roƙo ya ba shi kwana, ya mayar masa da abin da na ƙwace.

Shekara huɗu aka yi a haka. Wata Laraba da rani ina cikin aji, alli a hannuna, waya ta yi ƙara. Ƙanena ne. Ya ce in zo, Baba ya cika da hantsi, zazzaɓin kwana biyu kawai. Ban san yadda na kai Makarfi ba, ban san wanda ya tsayar mini da acaɓa ba. Na tarar an gama shirya shi. Cikin farar rigar nan tasa Inna ta sa aka sa shi.

Bayan kwana uku, da masu gaisuwa suka ragu, muna zaune da la'asar muna ɓarar gyaɗa, Inna ta ce, "Ran Lahadin da ta wuce ya je."

Na ce, "Ina?"

"Gindin ɗorawa. Ana waƙa ta biyu na duba taga, ga shi yana tafe da sanda, da rigar a jikinsa. Ba rama a hannunsa, zama kawai ya yi. Na ce wa matan da ke kusa da ni duk wadda ta juya kai ni da ita ne. Ba wadda ta juya."

Na ce, "Ya shiga?"

"Bai shiga ba."

"Inna, ko bakin ƙofa?"

"Bai shiga ba, na ce miki. Amma bai tashi ba sai da aka yi addu'ar sallama. Ya jira ni, muka taho gida tare, abin da ba mu taɓa yi ba."

"Bai ce komai ba? Bai ce ya gama ji ba?"

Ta ci gaba da murza gyaɗa. Ta ce, "Abu ɗaya ya tambaye ni. Ya ce, waccan ba ta zo ba? Na ce tana Kudan. Ya ce, shi ya sa waƙar ba ta fito sosai."

Na tashi na zaga bayan rumbu don kada yara su ga fuskata. A can na ga tulun a kife, bakinsa a ƙasa. Na fito da gudu ina tambaya wa ya kife shi. Ba wanda ya sani. Rani ne, an saki dabbobi, akuyoyi na hawa ko'ina suna ture abin da suka samu. Ko su ne, ko shi ne da hannunsa, har yau ban sani ba.

Na je wurin tsohon Fasto, lokacin ya bar aiki amma ya zo gaisuwa. Na ce, "Baba Fasto, ku faɗa mini gaskiya, ina Babana yake yanzu?" Ya ce, "Ban sani ba, 'yata, kuma ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. Ba ni ke riƙe da wannan ƙofar ba. Wanda ke riƙe da ita ya san abin da ya wuce tsakaninsa da babanki a gindin bishiyar nan. Taku goma ba su yi masa nisa ba."

Bara da na je gida na yi abin da ban taɓa yi ba. Na bari aka fara sujada, na zaga na zauna a kan saiwar. Ta yi santsi wurin da yake zama. Ashe daga nan komai ana ji! Karatu, wa'azi, har tarin tsofaffin bencin gaba. Muryoyin mata ma ɗaya-ɗaya suke fitowa ta tagar, ka san ta kowa, abin da ba ka iya rabewa in kana ciki. Shekara ashirin da wani abu ba kalmar da ta wuce shi, yana zaune yana ji yana aunawa, ni kuwa ina ciki ina cewa ba ya ji. Na kuma hana shi wasu shekara huɗu, waɗanda ba ni da hanyar mayarwa.

Ina kewarsa, kewar da ba ta raguwa. Ban san ko zan same shi a can ba, amma ina roƙo kullum, in na isa, kafin in ga kowa, in ji an ce Malama daga wani gefe, ko da ba za mu haɗa ido ba. Ina cikin wannan tunani wata matashiya daga zumunta ta hango ni ta taga, ta fito da sauri, ta miƙo hannu za ta kama nawa. Ta ce, "Mama, me kuke yi a waje? Ku shigo mana, akwai wuri."

Na ɓoye hannuna cikin zane. Na ce mata na ji, ta koma, zan shigo da ƙafata.